Yadda Ake Canza Allon Maleji na Tsohuwar Hilux a Kuma Saita Shi Ya Riƙa Faɗin Gaskiya

Wani dattijo mai safarar hatsi ya taɓa kawo mini Hilux ɗinsa mai injin 3L, an jawo ta da igiya, murfin lagireto yana wari kamar an ƙona tsumma. Da na zauna a kujerar direba na kunna makulli, sai na ga allurar zafin inji ta ɗan ɗaga kaɗan ta tsaya cak, alhali injin ba ya taɓuwa don zafi. Na ce, "Alhaji, yaushe aka sa wannan allon?" Ya ce, "Wata biyu ke nan, ɗana. Wancan ya mutu ne aka samo mini na Beljiyam, kuma tun da aka sa shi motar ba ta taɓa yin zafi ba." Ashe motar tana yin zafi, allon ne bai taɓa faɗa masa ba. Wanda ya ɗaura shi ya ga fitilu sun kama, allura ta motsa, ya karɓi kuɗinsa ya sallami mutum. Abin da ya biyo baya shi ne sabon gasket da wankin kan inji, kuɗin da ya ninka na allon sau da yawa.

Shi ya sa nake son mai karatu ya riƙe wannan tun daga farko: cire tsohon allo da maƙala sabo aikin awa ɗaya ne. Aikin da ke cin lokaci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne gwada kowace allura da wani ma'auni na waje har ka tabbatar abin da take nunawa shi ne abin da ke faruwa a cikin motar. Zan yi bayanin a kan Hilux ne, samfurin 1988 zuwa 1997, da na 1997 zuwa 2005, da kuma na 2005 zuwa 2015 wanda ake kira Vigo, domin su ne a-kori-kurar da suka cika hanyoyinmu. Amma mai Nissan ko Mitsubishi ko Isuzu na wancan zamanin zai ga yawancin maganar ta shafe shi.

Kafin ka sayi komai

Allon maleji da yawa da ake jefarwa lafiyarsu ƙalau. Idan duk allurai sun kwanta a lokaci guda, fitilun gargaɗi ma ba sa kamawa, fara da akwatin fiyus. A Toyota akwai wanda aka rubuta wa GAUGE, shi ke ba allon wuta. Kada ka duba shi da ido kawai, sa maltimita, wato na'urar auna wuta, ko fitilar gwaji a kansa ta ɓangarorin biyu makulli yana kunne. Idan fiyus ɗin lafiya, sai wayar as, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota. Alamar as mai rauni ba ta ɓuya: ka kunna fitilar gaba allurar mai ta motsa, ko ka sa sigina fitilar caji ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Nemi inda baƙaƙen wayoyi ko farare masu baƙin layi suka haɗu a jikin ƙarfe a ƙarƙashin dashbod, ka kwance notin, ka kankare tsatsa da sanfefa, ka mayar ka ɗaure.

Idan kuwa allura ɗaya ce kawai ta ƙi aiki, to yawanci laifin yana can inda saƙon ke fitowa. Allurar gudu a tsofaffin motocin kebul ne ke juya ta, daga giyabos har bayan allo. Kwance shi daga ƙasa, ka kama bakin wayar cikin da yatsa ka ja. Idan ta zaro guntuwa, ta tsinke, kuma sabon kebul ne maganinka. A waɗanda suka biyo baya sensa ce mai waya uku a jikin giyabos, ko a jikin akwatin ogzilari idan motar mai jan ƙafa huɗu ce. Laka da ruwan damina suna cinye soket ɗinta. Allurar mai kuma fulot ɗin cikin tanki, wato abin da ke yawo a kan mai yana auna yawansa, shi ne ke yawan kashe ta. Allurar zafi tana da 'yar sensa mai waya ɗaya kusa da gidan tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi. Cire wayar, ka haɗa ta da jikin inji ta cikin ƙaramin kwan fitila, ka kunna makulli. Idan allurar ta fara hawa, allonka yana da rai, kashe makulli nan take kafin ta kai ƙarshe.

Sai ka bi duk waɗannan ka ga ba su ba ne, ko ka buɗe bayan allon ka tarar da layukan tagulla sun ƙone, ko ruwa ya shiga ya bar kore-kore, sannan za a yi maganar canji. Kuma ka tambayi kanka me ya ƙona shi. Abu biyu na fi gani. Na farko shi ne ɗabi'ar nan ta cire kan batir inji yana aiki don a gwada ko altaneta tana caji. Wutar da ke tashi a wannan daƙiƙar tana iya kashe allo har da kwamfutar inji. Na biyu altaneta mai cajin da ya wuce ƙima. Auna kan batir inji yana aiki: ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Idan ka ga 16, duk allon da ka sa zai bi sahun na farko.

Zaɓen wanda ya dace

A nan ne aka yi wa Alhaji ɓarna. Allon Hilux suna kama da juna ta fuska, har ramukan noti ɗaya ne, amma cikinsu daban. Idan za ka Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko za ka aika Ladipo a Legas, tafi da tsohon allonka a hannu, ko aƙalla hoton takardar da ke manne a jikinsa. Akwai lambar kaya a kanta. A Toyota na ƙarshen shekarun 1990 zuwa gaba tana farawa da 83800. Samun mai lamba iri ɗaya sak shi ne ya fi komai sauƙi. Idan ba a samu ba, sai ka zauna ka gwama su abu-abu.

Na fetur ne ko na gas, wato dizal? Allon motar gas, irin mai injin 2L, 3L, 5L, 2KD ko 1KD, yana da fitilar hita mai kama da naɗaɗɗiyar waya, da fitilar da ke nuna ruwa ya taru a matatar mai, da wata mai rubutun T-BELT da ke tuna maka lokacin canza bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin. Na fetur, irin 22R, 3RZ da 2TR, ba ya da su, domin injinansu sarƙa suke amfani da ita maimakon bel. Allurar juyin inji ma ba daga wuri ɗaya suke karɓar saƙo ba: ta tsohuwar motar fetur daga wajen kwayil take ji, ta gas kuma daga sensar da ke jikin famfon mai. Ka musanya su, ko ta kwanta ko ta riƙa nuna shirme.

Mai kebul ne ko mai sensa? Juya bayan allon. Idan akwai wani bututu da ya fito daidai bayan allurar gudu mai rami kusurwa huɗu a ciki, mai kebul ne.

Sai maganar man inji, wadda ba kowa ya san ta ba. Wasu allunan fitila kawai suke da ita ta gargaɗin mai, wasu kuma allura ce da su mai nuna ƙarfin bugun man. Abin da ke jikin inji na masu fitila makunni ne kawai da ke haɗa waya da as. Idan ka ɗora allo mai allura a kan wannan makunnin ka kunna makulli, allurar za ta ƙone. Dole ka canza shi da sensar da aka yi wa allura kafin ka ba allon wuta, ko ka cire wayar ka naɗe bakinta har sai ka samo.

Duba kuma ko kilomita yake ƙirgawa ko mil. Kayan da suka fito daga Amurka ko Ingila da mil suke zuwa, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Mutum yana ganin 70 yana zaton a hankali yake tafiya, alhali ya haura 112. Kirga bakunan soket, ka dubi launinsu da siffarsu. Ka ɗaga allon ka girgiza a kusa da kunne. Ƙarar wani abu yana yawo a ciki alama ce ta karyayyen roba. Ka yi ciniki da mai kaya a kan cewa idan bai yi ba za ka dawo da shi, kada kuma ka bari a goge alamar fentin da ya sa a jiki.

Kayan aiki ba su da yawa: sukurudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sifana mai lamba 10, maltimita, salatif na takarda da biro, tsumma mai laushi, cokali mai yatsu, da waya mai manhajar auna gudu ta GPS.

Cirewa

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, kunna makulli ka ɗauki hoton tsohon allon yadda lambar kilomita za ta fito sarai. Rubuta lambar da kwanan wata a takarda. Idan allon na lantarki ne kuma ya mutu gaba ɗaya, nemo lambar a takardar juyen baƙin mai na ƙarshe. Ka kuma lura da yawan man da ke tanki. Ya fi kyau a yi aikin tanki yana cike, don ka san inda allura ya kamata ta tsaya.

Kashe mota, cire kan batir na nagetif. Idan motar tana da jakar iska a sitiyari, jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka sa hannu a bayan dashbod. Sauke sitiyari ƙasa iya saukarsa, ka shimfiɗa tsumma a kan wuyansa don kada gilashin allo ya karce.

Baƙin robar da ya kewaye allon yana da notuna, galibi biyu a sama suna kallon ƙasa, sai ka leƙa za ka gan su. Sauran maƙalai ne. Robar motar da ta sha ranar shekara ashirin ta bushe kamar ƙosai na jiya, don haka ja ta a hankali da tafin hannu biyu, kada ka ɓanɓare ta daga kusurwa ɗaya. Idan ta ƙi, akwai notin da ba ka gani ba. Duba cikin mazubin toka ko ƙarƙashin maɓallan hita. Maɓallan da ke jikinta, irin na fitilar haɗari, zare soket ɗinsu ka manna wa kowanne salatif ka rubuta sunansa.

Allon kansa notuna huɗu ne ke riƙe da shi a yawancinsu, wasu uku. Idan mai kebul ne, kada ka fizgo shi, kebul ɗin gajere ne. Shiga ƙarƙashin mota ka kwance shi daga giyabos, ko ka saki maƙalansa a ɗakin inji don ya sami sarari, sannan ka jawo allon kamar faɗin tafin hannu, ka zura hannu ta baya, ka danne harshen robar da ke bakin kebul ɗin ka zare. Soket ɗin wuta kuma kowanne yana da harshe. Danna shi ka ja jikin soket ɗin, ban da jan waya. Ka karkato allon ka fitar da shi ta gefen sitiyari. Ajiye shi a tsaye ko fuska tana sama, kada ka kife shi.

Tunda wurin a buɗe yake, dubi wayoyin da kyau. A motocinmu da wuya ka rasa inda wani rewaya ya yanka ya murɗa ya naɗe da leda. Gyara su yanzu da dalma. Idan bakin kebul yana jiƙe da man giyabos, robar da ke tare mai a ƙasa ta mutu, kuma man nan shi ke hawowa ya cika kan allurar gudu har ta riƙa rawa. Canza robar, in ba haka ba sabon allon ma zai sha.

Shirya sabon a kan tebur

Ajiye su biyun gefe da gefe, bayansu yana sama a kan tsumma. A tsofaffin alluna akwai shimfiɗaɗɗiyar leda mai layukan tagulla, kuma kusa da notunan da ke riƙe kowace allura an rubuta haruffa irin IGN, E, FU da TU. Bi kowane layi da yatsa daga allurar har bakin soket, ka ƙirga rami na nawa ya faɗa, ka gwada da na tsohon. Idan lambar kayan ɗaya ce, za su dace. Idan ba ɗaya ba ce, wannan rabin awar ita ce za ta cece ka. Inda suka saɓa, ana zare bakin wayar daga soket ɗin mota da siririn ƙarfe a mayar da shi ramin da ya dace. Kada ka yanke soket, kada kuma ka yi canjin da ka. Zana shi a takarda tukuna.

Cire kwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya ka gwada su da batir. Duk wanda gilashinsa ya yi baƙi canza shi, ko da yana kamawa. Masu sayar da mota marasa tsoron Allah sukan zare kwan fitilar inji ko ta jakar iska don kada mai saye ya gani, saboda haka tabbatar kowane rami da ke da alama a fuska yana da kwai a bayansa. Idan kana sha'awar sa fitilun LED, sa su a na hasken dare kawai. Ta caji ka bar mata kwanta na asali, domin a wasu tsofaffin motoci ta cikin wannan kwan ne altaneta ke samun 'yar wutar da take fara caji da ita.

Maganar lambar kilomita

Sabon allon ya zo da tarihin wata mota. Idan lambobin masu juyawa ne kuma kan allurar gudu na tsohon allonka lafiyarsa ƙalau, hanya mafi tsabta ita ce ka kwance shi ɗungurungum ka dasa a cikin sabon gidan. Lambarka ta biyo ka ke nan. Idan shi ne ya lalace, ni shawarata ka bar lambobin sabon yadda suke. Haƙoran robar da ke tsakaninsu suna karyewa da an matsa musu, kuma da zarar an taɓa su da wuya su sake jeruwa daidai.

Idan lambar ta lantarki ce, tana ajiye ne a cikin wani ɗan ƙaramin guntu mai ƙafa takwas a jikin faifan allon, irin su 93C46 ko 93C66. Masu aikin kwamfutar mota suna iya karanta na tsohon su rubuta lambar a sabon, ko su ɗauke guntun da dalma su dasa. Dasawar tana yin kyau ne idan lambar kayan allunan biyu ɗaya ce, domin ban da kilomita akwai bayanan saitin allurai a cikinsa. Ka tsaya a wurin, ka nuna hoton da ka ɗauka, ka ce wannan lambar kake so, ba ƙari ba ragi. Za a iya ce maka, "Oga, mu rage maka ita mana, ai za ta fi daraja in za ka sayar." Kada ka yarda. Algus ne, kuma wanda zai saya da wannan lambar zai lissafa lokacin canza bel da sauran kayan da ransa ya dogara a kansu.

Ga masu motar gas, fitilar T-BELT a cikin allon take ƙirga tafiyarta, kilomita 100,000 a tsofaffin injina irin 2L da 3L, 150,000 a 1KD da 2KD. Sabon allo bai san ranar da ka canza naka bel ɗin ba. Idan ba ka da tabbacin shekarun bel ɗin, canza shi tare da allon, sannan a mayar da ƙirgar farko: a tsofaffi akwai 'yar toshiyar roba a fuskar gilashi mai maɓalli a bayanta, a Vigo kuma da maɓallin sauya lambar tafiya ake yi. Bel ya tsinke a injin gas yana cikin gudu, bawul da fistin ne za su gwabza.

Ɗaurawa da gwajin farko

Maƙala soket duka har ka ji ƙas, zura kebul idan akwai, ka jingina allon a mazauninsa ba tare da noti ba. Mayar da kan batir. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar. Ƙirga su: caji, man inji, birki, fitilar inji, da ta jakar iska da ABS idan motar tana da su, da hita idan ta gas ce. Idan ka ji ƙauri ko ka ga wata allura ta buga ƙarshe da ƙarfi, kashe nan take. Tayar da inji ka ga duk sun mutu. Gwada sigina hagu da dama, babbar fitila, hasken dare, birkin hannu, da fitilar ogzilari. Injin da ya yi ɗumi yana tsaye, allurar juyi za ta zauna wajen 700 zuwa 800. Idan ka ga 1,500 alhali kunnenka yana ce maka injin a natse yake, allon na wani injin ne daban.

Allurar mai da ta zafi

Idan ka auna da maltimita yadda yake tare wuta, fulot na tsofaffin Toyota yana ba da kimanin om 3 idan tanki ya cika, kimanin om 110 idan ya ƙare. Na motocin baya-bayan nan ma'auninsu daban ne, shi ya sa allon wani zamani ba ya jituwa da fulot na wani. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka zaro fulot ɗin, ka bar soket ɗinsa a haɗe, jikinsa yana taɓa as, ka ɗaga hannunsa sama, ka saukar tsakiya, ka saukar ƙasa, kana jiran minti biyu ko uku a kowane matsayi domin allurar mai a hankali take tafiya. A yi wannan a fili, batir a cire lokacin zarowa da mayarwa, babu sigari babu wuta a kusa. Idan bambancin kaɗan ne, ana ɗan lanƙwasa hannun fulot. Ka fifita daidaiton ƙasa a kan na sama: gara allura ta taɓa E, alamar mai ya ƙare, da sauran mai a tanki.

Ta zafi kuwa, bar injin ya yi aiki har babban tiyon lagireto na sama ya ɗauki zafi, alamar tamostat ta buɗe. A yawancin waɗannan injinan tana fara buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 88. A lokacin allurar ya kamata ta kai kusan tsakiya. Idan ka sami ma'aunin zafi mai kama da bindiga, haska gidan tamostat ka gwama. Idan allurar ta maƙale a ƙasa kamar ta Alhaji, sensar da allon ba 'yan gida ɗaya ba ne. Nemo sensar motar da aka ciro allon daga cikinta. Kuma ka sani an ƙera allurar Toyota ta zauna a tsakiya ko da zafin yana ɗan hawa da sauka, don haka duk ranar da ka ga ta wuce inda ta saba, abin ya riga ya yi nisa, tsaya.

Saita allurar gudu

Samu miƙaƙƙiyar hanya mai kyau wadda ba cunkoso, ka ɗauki mutum ɗaya ya riƙe waya da takarda. Direba idonsa a kan titi. Tayoyi su kasance da iskar da ta dace. Riƙe allura a 40, ya rubuta abin da GPS ya nuna. Haka a 60, 80 da 100. Sannan ku mayar da ƙaramar lambar tafiya sifili, ku yi kilomita 10 cif bisa GPS, ku ga nawa allon ya ƙirga.

Yanzu dubi takardar, domin kuskure iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan bambancin iri ɗaya ne a ko'ina, misali kullum allura tana gaba da 8, a 40 da a 100 duka, kuma lambar tafiya ta ba da 10 daidai, to allurar ce aka dasa a karkace. Idan kuwa bambancin yana girma da gudu, 2 a 40, 6 a 100, lambar tafiya kuma ta ba da 9.4 maimakon 10, to allon ba shi da laifi. Juyin da ke zuwa masa ne bai dace da tayarka ba.

Wannan na biyun shi ya fi yawa a wurinmu, saboda son manyan tayoyi. Tayar 205R16 da Hilux da yawa suka zo da ita tsayinta kusan milimita 734 ne. Mai lamba 265/70R16 kusan 777. Bambancin ya kusa kashi 6 cikin 100: allo yana nuna 100, kana kan 106, kuma duk kilomita 1,000 da ka yi an ci maka kusan 55 ba a rubuta ba. Haka abin yake idan an taɓa canza aksul na baya ko giyabos da na wata mota. Cire allura ka matsar da ita ba zai gyara wannan ba; za ka daidaita ta a gudu ɗaya ka ɓata sauran.

Gyaran yana ƙasa, inda kebul ko sensa ke shiga giyabos. Kwance noti ɗaya ka zaro hannun da kebul ko sensar ke ɗaure a jikinsa, za ka ga ɗan giya na roba a bakinsa. Ƙirga haƙoransa. Lissafin shi ne: haƙoran da kake da su, sau abin da allo ya nuna, raba da gudun gaskiya. Mai haƙora 18 da ke nuna 100 a kan 106 yana bukatar mai 17. Ƙarancin haƙora yana sa allura ta ƙara hawa, yawansu yana sa ta sauka. Sai dai sabon giyan dole ya zama ɗan gidan wanda ke juya shi a ciki. A jikin hannun akan buga lambobi biyu da ke nuna haƙoran na ciki da na waje, ka nemi wanda lambar farkonsa ta yi daidai da taka. Idan ba a samu ba, masu kebul suna da ɗan akwatin giya da ake ɗaurawa tsakanin giyabos da kebul, masu sensa kuma akwai ɗan akwatin lantarki da ake sa wa a kan wayar saƙo, a saita shi da kashi nawa ake so ya ƙara ko ya rage. Ka tuna a motoci masu kwamfuta saƙon gudu ta cikin allon yake bi ya isa gare ta. Idan bai isa ba fitilar inji za ta kama, na'urar gwajin kwamfutar mota ta nuna P0500, ko lamba 42 a tsofaffin da ake karanta su da ƙyaftawar fitila.

Idan kuskuren na karkatar allura ne, sai a buɗe gilashi. Ma'aunin motocin Japan shi ne juyi 637 na kebul a minti ɗaya daidai yake da kilomita 60 a awa, har za ka ga an buga lambar da ƙananan haruffa a ƙasan fuskar wasu allunan. Sensa tana ba da bugun lantarki 4 a kowane juyi, wato bugu 2,548 a kilomita. Mai injin ba da bugu a kan tebur zai sa 42.5 a daƙiƙa ya ga ko allura ta hau 60, ya sa 70.8 ya ga 100. Wanda ba shi da wannan injin, ga yadda zai yi da allo mai kebul: ɗaga bakin allurar a hankali ka tsallakar da ita kan ɗan turken da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda ta ga dama, ka sa alama da salatif a gefen fuska. Shimfiɗa takarda a kan fuskar, zura cokali mai yatsu a ƙarƙashin gindin allurar, ka ɗaga ta sama tsaye ba tare da murɗawa ba. Sandar da take kai siririya ce kamar allurar ɗinki, idan ta lanƙwashe an gama. Mayar da ita baya ko gaba da alamar gwargwadon kuskuren da ka auna, ka danna ta kaɗan kawai, ka tsallako da ita kan turken, ka fita gwaji ba gilashi. Sai ta yi daidai sannan ka danna ta sosai, ka bar ɗan sarari kada ta goga fuska. Kada ka taɓa fuskar da yatsa mai maiƙo, kada ka goge ta da fetur.

Ni nakan bar allura tana gaba da gaskiya da 2 ko 3, yadda masu ƙera motar ma suke yi. Wadda ke nuna ƙasa da gudun gaskiya ita ce mai haɗari, musamman a motar da ta ɗauko buhu goma sha biyar a baya.

Idan komai ya zauna, cire kan batir, goge cikin gilashi da busasshen tsumma mai laushi, ka mayar da shi, ka ɗaure notunan allo da hannu ba da ƙarfi ba don kunnuwan robar suna tsagewa. Tabbatar kebul bai lanƙwashe sosai a bayan allo ba, kuma bai kusanci salansa a ƙasa ba. Mayar da baƙin robar da maɓallanta. Da daddare ka sake fita ka ga hasken ya bazu ko'ina ba wani ɓangare mai duhu. Sannan ka samu takarda mai manne ka rubuta kwanan wata, lambar tsohon allo, lambar da sabon ya fara da ita, girman tayar da aka yi saitin da ita, da kilomitar da aka canza bel. Manna ta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka rufe ta da farin salatif don kada ruwan wanki ya cinye rubutun, kwafi ɗaya kuma ka sa cikin takardun mota.